Kafin Alƙalami

Shekara talatin da ɗaya ina fiɗar sadin
a masana'antar gwangwani ta Matosinhos.
Wuƙa ta san tafina, gishiri ya san farcena,
amma bangon da nake jingina da dare
bai taɓa sanin sunana ba.

Sai ga ni a ofishin Telmo lauya,
hawa na biyu, saman kantin maɓallai,
da tambayoyina a bayan rasiɗin lantarki,
na rubuta su da fensirin jikata.

Na ce, "Gidan nan na wane ne?"
Ya ce, "Wa ya ce miki nasa ne?"
"Firmino. Shi ke riƙe da makulli."
"Mai gadi ma yana da makulli, Dona Deolinda.
Baki ba ya mallakar gida,
sai mun ji wanda rajista ta ambata."

Rajista ta ambaci Zulmira,
wadda ta rasu bara ta bar 'ya'ya biyar.
Huɗu suna nan, ana jin tarinsu ta taga.
Na biyar yana Karakas yana gasa burodi,
ba ya amsa wayar kowa tun rabon sarƙar uwarsu.
Na ce, "To a tsallake shi mana."
Ya ce, "Ba a tsallake magaji ko yana bayan teku.
Sai ya aiko takardar wakilci, hatimi a kanta."

"Akwai bashi a wuyan gidan?"
"Gida kifi ne, ke kin fi ni sani:
sheƙin baya ba shaida ba ne, sai an tsaga ciki."
Muka tsaga. Ga tsohuwar jingina ta banki,
an biya tuntuni, an manta ba a soke ba.
Ga ɗakin girki da aka ɗora kan baranda
ba da sanin hukumar gari ba.
Kowanne da layinsa, kowane layi da safiyarsa.

"In na ba da kafin alƙalami suka fasa fa?"
"Su mayar miki ninki biyu."
"In ni na fasa?"
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
"Ya tafi, kamar ruwan da kika wanke kifi."
Daren nan ban runtsa ba,
ina lissafin kifi nawa ne ɗaya bisa goma.

"Haraji kuma, tun ban kwana a ciki ba?"
"Hukuma ba ta jiran ki kunna fitila."

Wata uku, takardar Karakas ta iso,
garin fulawa a gefenta.
An ci harafi ɗaya a sunan uwar.
Harafi ɗaya! Ta sake haye teku,
ni kuwa na sake biyan haya.

Ranar sa hannu magatakarda ta karanta da ƙarfi,
faɗi da tsawo, gabas da yamma,
sunan ubana da na manta ana faɗinsa a fili.
Ta ce, "Kin fahimta? Akwai sauran tambaya?"
Akwai ɗaya da ban rubuta ba:
"Itacen lemun tsamin nan na tsakar gida,
yana cikin cinikin?"

Firmino ya juya wa ɗakin baya.
Ƙanwarsa ta ce, "Uwarmu ta dasa shi ran da aka haife shi."
Magatakarda ta ce, "Abin da ya yi saiwa, ƙasa yake bi."

Na ce, "Firmino, ka riƙa zuwa da kwando.
Ni mace ɗaya ce, lemu nawa zan matse?"
Telmo ya ɗaga kai: "A sa a takarda?"
Na ce, "Bar shi. Ba komai ne na alƙalami ba."

Sannan na rubuta sunana, a hankali,
don ban saba ba.
Da na miƙa wa magatakarda alƙalaminta
na ga ta ɗan shinshina shi.